Takardar da Ta Ƙi Yin Zoɓo

"Alo, alo, tes, tes." Wannan ne nake fara ji duk sanda na tuna ranar. A ƙasan ɗakin gwajinmu na Sabon Gari akwai shagon masu sayar da lasifika, kuma ba sa miƙa wa mai saye kaya sai sun gwada masa har gilasan tagarmu sun yi rawa. Kwanana tara da fara aiki. Malam Bukar, wanda ya kafa ɗakin, ya ɗiga ruwa a kan wata 'yar takarda rawaya da ba ta fi farce ba, ya sa ta a leda, ya cusa a hammata. An ɗauke wuta, abin kuma yana son ɗumi irin na jikin mutum. Haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin firiza da taga, hannu ɗaya a manne da jiki kamar mai ciwon kafaɗa. Bayan awa ɗaya da rabi ya zaro ledar. Takardar ta koma kalar zoɓo.

Ya ce, "Hajara, me kika gani?"

Na ce, "Ta sauya launi, Malam."

"Launi kowa ya gani. An buɗe kwaɗo."

Ku da ake turo mana daga jami'a, launin kawai kuke gani. Wata a cikinku ta ce da ni, "Anti, ashe ɗiga ruwa ne kawai sai jira?" To bari in faɗa muku abin da ke ƙarƙashin ɗigon.

A cikin kowane mai rai akwai rubutu a jikin wani zare mai siriri, haruffansa huɗu ne kacal: A, T, G da C. Kowane harafi yana da abokin da yake kamawa, A da T, G da C. Akwai kuma mai karatu, wani ɗan inji da ke bin zaren yana ƙera abin da aka rubuta. Mu sana'armu ita ce hana shi karatu sai lokacin da muka so. Muna rubuta saƙo mai cewa "yi launi", sai mu naɗe farkon saƙon a kan kansa kamar kitso, yadda mai karatu ba zai sami wurin zama ba. Wannan naɗin shi Malam yake kira kwaɗo. Amma muna barin ɗan guntu a sake yana reto, shi ne bakin zare. Idan wani zare ya zo wanda haruffansa suka dace, sai ya kama bakin zaren, ya riƙa shiga harafi bayan harafi yana ture wanda ya tarar a wurin, har kitson ya tsefe. Mai karatu ya zauna, ya ƙera abin launi, takarda ta yi zoɓo. Zaren da ya zo ya ture shi ne mukulli. Idan kana son takarda ta gane wata cuta, sai ka ƙera kwaɗon da zaren cutar ne kaɗai mukullinsa.

Abu ɗaya ku riƙe: zare yana da kai yana da wutsiya. Daga kai ake karanta shi. A boko an saba rubuta kai a hagu.

Aikina na farko ba zare ba ne, ruwan kala ne. Madam Uju, wadda ta girme ni a aikin da shekara goma sha biyar, ta ɗora ni a kan fifet, ɗan abin da muke zuƙar ruwa da shi, ina ɗiga ɗigo a ramukan wani faranti da ke kan sikeli tana duba nauyi. Wata biyu ina yi. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunku. Idan ta kama ni ina kallon tagar, ina bin rufin adaidaita sahu da ido suna tafiya kamar jerin ƙwaro, sai ta buga tebur.

"Hajiya mai mafarki! Hannu yana nan, hankali ya tafi Umara. Wane rami kika ɗiga yanzu?"

Ban sani ba. Sai a zubar a sake. Ita ta koya mini cewa zaren nan gumin hannu yana kashe shi, numfashi ma yana iya kashe shi. Ba a magana a kan buɗaɗɗen bututu. Ba a taɓa waya da safar hannu. Ranar da na zo da lallen biki ta sa na sa safa biyu, ta ce ba ta yarda da duk abin da ke da ƙamshi ba.

Wanda ya fara zuwa neman aikinmu shi ne Alhaji Sale. Yana da gonar kaji a bayan gari da rumfa a kasuwar Sabon Gari. Akwai cutar da ke murɗe wa kaji wuya ta share ɗaki guda cikin kwanaki, kuma kafin sakamakon gwaji ya dawo daga nesa, an gama binne kajin. Malam ya ɗauki shekara biyu yana neman kwaɗon wannan cuta. Shida sun ƙi. Wani yana buɗewa ba mukulli, wani ko an kawo mukullin ba ya motsi. Na bakwai ya yi. An gwada shi a gaban kwamitin da ke ɗaukar nauyin ɗakin, da majinar kajin Alhaji Sale da likitan dabbobi ya ɗebo ya kashe ƙwayar kafin ya kawo mana. Takarda ta yi zoɓo a gaban kowa. Aka ce mu shirya da yawa a kai gonaki.

Wata guda bayan haka Malam ya faɗi a ƙofar masallaci a Fagge bayan la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A nan muguwar shekarar ta fara.

Zaren kwaɗo na bakwai kaɗan ya sa aka yi masa, ya kusa ƙarewa tun ranar gwajin, ragowar kuma mun ƙarar da shi a mako biyu. Mu ba ma ƙera zare a nan. Ana aika haruffan ga kamfani a waje, su ƙera su turo. Haruffan suna cikin kwamfutar Malam, ita kuma a kulle, ba wanda ya san lambarta. Sai littafinsa, wani baƙin littafi mai kaurin bango da yake rubutu a ciki kullum. Madam Uju ta buɗe ta rufe.

"Wannan tsutsar rubutun, ke ce za ki iya."

Da ajami ya rubuta shi kaf, Hausa da haruffan Larabci. Babana malamin Larabci ne da ya yi ritaya, tun ina ƙarama ya koya mini. Na sami shafin. A sama an rubuta "na bakwai, shi ne ya yi", a ƙasa bayanin ɗumi da lokaci, a tsakiya kuma layi ɗaya na haruffan boko talatin da shida. Su ne sashen da ke kama zaren cutar. Sauran jikin kwaɗon duk iri ɗaya ne, muna da shi. Na kwafe layin sau uku. Madam ta sa rula a ƙarƙashi tana kira ina amsawa, harafi harafi. Muka aika. Muka sa a haɗo mana da mukullin gwaji, zaren da na lissafa daga layin da kaina don ya tsaya a madadin cutar.

Mako biyar ana jira. Abin yana zuwa a ambulan, ka ɗaga bututun ka ga kamar ba komai a ciki. Muka jiƙa, muka haɗa, muka busar a takarda, muka ɗiga mukullin gwaji. Zoɓo, mai kyau, har ya fi na Malam duhu. Madam ta sauka ta sayo mana tsire.

A makon nan Alhaji Sale ya aiko cewa kaji uku suna gyangyaɗi a ɗaki ɗaya. Likita ya kawo majina. Na ɗiga. Awa biyu, takarda tana nan rawaya. Na sake, rawaya. Na kira shi na ce har yanzu muna matakin gwaji, kada ya dogara da mu. Amma kuma na ce, "Takarda dai ta ce babu." Wannan rabin ya ji. Bai ware ɗakin ba.

Bayan kwana shida na ji takunsa a matakala. Ya shigo da mushen kaza a leda, wuyanta a murɗe, ya ajiye a bakin ƙofa don ya san ba a shiga da ita.

"Malama, ga wadda takardarku ta ce lafiyarta ƙalau. Na kawo ta ta gaishe ku."

Madam ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka zauna."

"Ba zama na zo ba, Madam. Da mai ɗakin yana tsaye, wannan ba za ta faru ba. Yara sun gaji tebur, ba su gaji kai ba."

Ya sauka. Mu muka kai kazar aka ƙone.

Daga nan muka shiga zargin komai. Muka zargi ruwa, muka sauya. Muka zargi takarda, muka yanko sabuwa. Muka zargi akwatin ɗumi da muke sa takardun a ciki, muka aro ma'auni daga wani asibiti. Muka zargi likitan, ya kawo majina sau huɗu har ya daina ɗaga wayarmu da wuri. Akwai ranar da Madam ta sauka ta roƙi masu lasifika su yi shiru na awa biyu, ko girgizar ce. Suka yi dariya amma suka yi shirun. Kullum abu ɗaya: da mukullin gwaji, zoɓo, da majinar kaza marar lafiya, rawaya. Na daina iya zama a kujera. Ina ɗigawa in tashi in zaga ɗakin, in leƙa akwati, in koma taga, in dawo in leƙa, alhali na san leƙen yana fitar da ɗumi.

Za ku ce me ya hana mu tambayi Malam. Na je da littafin sau ɗaya. Yana ganin bangon ya fara yunƙurin tashi, bakinsa yana motsi ba sauti, gumi ya keto masa. Matarsa Hajiya Yagana ta karɓi littafin ta miƙo mini a zaure.

"'Yata, ki zo kullum in kina so. Wannan kada ya sake shigowa."

A wata na biyar kwamiti ya turo wani farfesa. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofa ba a ce masa ba. Ya karɓi haruffa talatin da shidan, ya zuba su a rumbun intanet da ke ɗauke da rubutun ƙwayoyin cuta na duniya. Ni ma na taɓa yi, na ɓoye abin da na gani don ban gane shi ba. Ya juyo mana da allon.

"Wannan layin ba ya jikin cutar kajin nan. Ba ya jikin kowace cuta da aka sani."

Madam ta ce, "Amma a gabanku ya yi aiki."

"A gabanmu takarda ta sauya launi, Madam. Abin da ya sauya ta shi ne tambayar."

Bai faɗi kalmar ba, amma kafin mako ta zaga. Wai Malam Bukar ya ɗiga wani abu a ɓoye ranar gwajin. Wai dama tsufa ya kama shi yana neman abin da za a tuna shi da shi. Har a Fagge wata maƙwabciya ta tambayi Innata ko gaskiya ne malamin 'yarta ɗan damfara ne. Kwamiti ya ba mu wata uku. Ko mu nuna da majinar gaske a gabansu, ko a rufe ɗakin a rubuta a rahoto cewa sakamakon Malam ba gaskiya ba ne. Mutumin yana kwance ba ya iya cewa uffan don kare kansa.

Mako shida suka wuce a banza. Wata Juma'a na tashi da wuri na tafi gida da littafin. Ina zaune a tabarma a tsakar gida, shafin a buɗe, ina kallonsa kamar yadda na saba, ba don ina sa ran komai ba. Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a kaina yana cire hula.

"Hannun wa ye wannan? Mutumin gabas ne, dubi yadda yake jan wutsiyar harafi."

"Na Malam ne, Baba."

Ya tsuguna ya sa tabarau. Ya karanta layin sama, ya gyaɗa kai. Sai ya sa yatsa a kan haruffan boko, can gefen hagu.

"Ya yi rowar takarda. Ga shi fili ya ƙare masa, ya matse su, har biyun ƙarshe sun hau sama."

"Baba, ai nan ne farko. Boko ne."

"Na san boko ne, ni ma na yi firamare. Amma wa kika taɓa gani ya matse rubutu a farkon layi? Mutum yana farawa da yalwa ne. Dubi nan." Ya mayar da yatsan dama. "Nan ya fara, manya-manya, hankalinsa kwance."

Na duba. Haruffan dama suna zaune da fili tsakaninsu. Suna tafiya hagu suna ƙanƙancewa, suna jingina da juna, biyu na ƙarshe sun hau kan 'yan'uwansu don gefen takarda ya tare su. Hannun Malam yana tafiya daga dama tun saman shafin, da ya zo kan haruffan boko bai juya ba. Littafinsa ne, shi kaɗai yake karantawa, bai ga dalilin sa alamar kai ba. Ni kuwa da na ga boko sai idona ya yi tsalle ya koma hagu yadda aka koya mini a jami'a. Wata bakwai ina kallon layin nan. Na karanta duk abin da ke samansa da ƙasansa daga dama, shi kaɗai na karanta daga hagu.

Ban tsaya cin abinci ba. Hanyar Fagge zuwa Sabon Gari ranar Juma'a kun san ta, masu dawowa daga masallaci da masu ɗaurin aure duk a titi ɗaya. Na sauka daga adaidaita a rabin hanya na ƙarasa da ƙafa. Madam tana shirin kulle ƙofa. Na karanta mata daga dama tana bugawa a rumbun intanet ɗin. Allon ya yi ɗan jim, sai ga sunan cutar, haruffa talatin da shida duk sun zauna a mazauninsu.

Madam ta janye hannu daga kwamfutar. Ta ce, "Ni na riƙe rular."

Ga abin da nake so ku fahimta, don shi ne sana'ar. Kwamfuta ba ta gano ba saboda ita tana gwada layi yadda aka ba ta, ta kuma gwada abokin kamunsa, amma ba ta karanta shi da baya kawai, don ba mai rai da ke yin haka. Mukullin gwaji kuwa ya yi ta buɗewa saboda daga juyayyen layin na lissafa shi. Na ƙera kwaɗo a juye, na yanka masa mukulli a juye, suka dace da juna, suka yi ta ba ni zoɓo. Gwajin da ka ƙera daga kuskurenka ba zai taɓa nuna maka kuskuren ba.

Muka aika sabon layi a ranar. Saura mako shida, zare kuma yana ɗaukar biyar. Ban san sau nawa na je ofishin masu kawo saƙo ba, har mai gadin ya riƙa girgiza mini kai tun daga nesa. Ya iso da saura kwana huɗu. Ba mu sa an haɗo da mukullin gwaji ba.

Ranar kwamiti likitan dabbobi ya zo da bututu uku marasa suna, amsar tana cikin ambulan a aljihunsa. Farfesa ya ce shi zai ɗiga da hannunsa, muka ba shi safa. Aka rufe akwati. Ba wanda ya zauna. Bayan awa ɗaya da minti ashirin aka buɗe: ta farko zoɓo, ta biyu rawaya, ta uku zoɓo. Likita ya yage ambulan. Ta biyu daga lafiyayyar kaza ce.

Farfesa ya nemi ganin littafin. Na nuna masa inda layin ya matse. Ya ce a rubuta a rahoto cewa an sami matsalar kwafi. Na ce a rubuta sunan wadda ta kwafa, don kada wani ya ɗauka hannun Malam ne. Aka rubuta. Takardar tana nan a fayil, kuna iya karantawa.

Na je rumfar Alhaji Sale na gaya masa kuskuren nawa ne. Yana auna wa wata mata ƙwai, bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji." Shekara biyu bai hau benenmu ba. Wasiƙar da kwamiti ya aiko ta wanke sunan Malam kuwa, Hajiya Yagana ce ta karanta wa Malam, sau biyu, ta ce ya riƙe takardar da hannun hagu har aka kira magariba. Malam ya rasu kafin a kai takardun gwajin zuwa gonaki.

Shi ya sa duk layin da za ku rubuta a ɗakin nan nake sa ku rubuta "kai" da jan biro a inda ya fara, ko da layin na haruffa biyar ne. Na san kuna dariya idan na juya baya.

Bara Madam Uju ta ajiye aiki za ta koma wurin 'yarta. Tana kwashe durowarta sai ta miƙo mini wata takarda da ta yi ja don tsufa. Takardar neman aikina ce.

"Ku goma sha ɗaya kuka nema," ta ce. "Ke ce ta tara a maki. Ni wani na zaɓa, na yi ta faɗa da Malam kwana biyu. Juya bayan."

Na juya. Layi huɗu ne na waƙa da ajami, da fensir, a kan ruwan sama da ke sauka a rufin kasuwa. Na rubuta su ina zaune a matakala ina jiran a kira ni, na manta ban goge ba.

"Malam ya nuna mini wannan ya ce, Uju, maki ana koyar da shi. Wannan ce za ta iya karanta littafina ranar da ba na nan."